Tafintanmu na Fim ɗin Kaboyi

Ni mutum ne mai riƙo, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa hakan ba. Matata takan ce da riƙo kaya ne, da ni kaɗai na isa in cika kwantena. Amma cikin duk abubuwan da na riƙe tun zuwana Guangzhou, babu wanda yake taso mini da ɗaci kamar yadda sunana ya ɓaci a kan wani fim ɗin kaboyi, fim ɗin da ko Turancinsa ba na ji.

Ina da ɗan sito a bayan wata kasuwar tufafi a Sanyuanli. Mutanenmu su sayo kayansu su kawo mini, in ɗora a sikeli, in ɗaure, in haɗa na mutane da yawa a kwantena ɗaya, a kai tashar Nansha a sa a jirgin ruwa. Takarduna tsaf suke, domin da wani ɗan Caina muka yi rajistar siton. Da yawa daga cikin masu kawo mini kaya kuwa bizarsu ta daɗe da mutuwa. Na sani, sun san na sani, kuma a kan wannan shirun muke cin abinci gaba ɗayanmu. Akwai ɗan sandan unguwa da kan leƙo lokaci-lokaci ya duba tukunyar kashe gobara da lasisi. In ya zo nakan zuba masa shayi, ya ce "sheshe", in ce "sheshe", wato na gode da yarensu, ya kama gabansa. Iyakar hirarmu ke nan, don babu yaren da ya haɗa mu.

Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, gidan wani dattijo ɗan Kumasi muke wucewa. Baba muke ce masa dukanmu. Shi ma tura kaya yake yi, kuma ya riga kowa zuwa garin. Matarsa ta dafa wake da shinkafa irin na Gana, da baƙin yajin nan nasu mai sa mutum ya yi ta jan hanci, a kawo a babban tire mu sa hannu. In an wanke hannu sai a ja labule a kunna fim.

Fim ne mai dogon zango, kashi-kashi, a kan wani gari da ya tsiro cikin kwazazzabo saboda an ga zinare a rafinsa. Babu sarki, babu alƙali, babu ɗan sanda. Tantuna ne da gidajen katako da laka har gwiwa, kuma duk wanda ya riga zaro bindiga shi ke da gaskiya. A kashe mutum da safe, kafin azahar wani ya shiga raminsa yana haƙa. Mu da muke zaune a garin da ko bawon ayaba ka yar kyamara ta gan ka, sai abin ya shiga ranmu. Akwai wani mutumin Agadas a cikinmu da ya taɓa haƙar zinare a Sahara kafin ya koma sayar da injinan nemansa. Shi kullum cikin kushe yake. "Wanga ba haƙa ba ce," in ji shi, "wanga wanka ne suke yi a rafi." Amma ko sau ɗaya bai taɓa fashin zuwa ba.

Matsalar ita ce Turancin. Ni nawa na kasuwa ne, nawa ne, rage, kawo gobe. Na mutanen fim ɗin kuwa irin na dā ne mai kauri, suna yi suna tauna taba, rabinsa ashar. Rubutun da yake bi ta ƙasan allon na Caina ne. Saboda haka sai da tafinta, kuma muna da shi, Malam muke ce masa.

Malam ɗan unguwarmu ne a Kano. Turanci ya koyar a sakandare har albashi ya koro shi kasuwa. Ni na je filin jirgi na taro shi. A ɗakina ya zauna watanni, a katifata, ni ina ƙasa saboda ciwon baya da yake fama da shi. Ni na koya masa shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, na koya masa in ɗan Caina ya ce "meyo" ba lallai babu ɗin ba ne, a tsaya a ƙara tambaya. Da ya samu gindin zama, sai ya zama mai raka 'yan kasuwa baje kolin Pazhou da masana'antu yana yi musu tafinta. Yaya yake ce mini, kuma har raina na ɗauke shi ƙane.

In faɗi gaskiya, Malam gwani ne. Yakan zauna a gefen talabijin da rimot a hannu, ya sassauta sautin, ya cika ɗakin da muryarsa. Ya ba mai gidan giya Sakkwatanci, ya ba likitan garin muryar mashayi, matar da take wanke wa mahaƙa tufafi kuwa ya mayar da ita dillaliyar kasuwar Kurmi sak. Wani lokaci sai an tsayar da fim an gama dariya.

Muna da wata al'ada da ban san wanda ya fara ta ba. Duk wanda yake zama a ɗakin sai an raba masa mutum ɗaya a fim ɗin, ya zama shi ne. Baba ya samu mai masaukin baƙi. Mutumin Agadas ya samu wani tsohon mahaƙi mai alfadari. Wani tela ɗan Damagaram, mutum mai shiru-shiru da yake ɗinka wa 'yan kasuwa samfurin riguna, aka ba shi mai haƙa kabari, don shi kaɗai ne ba ya rasa aiki a garin. Ni kuwa ba a ma yi shawara ba. Akwai wani siriri mai tabarau da mahaƙa suke kai wa zinarensu ya auna a ɗan ma'auninsa. Yana fitowa aka haɗa baki aka ce ga Mai Sikeli. Na ji daɗin rabon da aka yi mini, domin mutumin ba ya shan giya, ba ya ɗaukar bindiga.

Ana nan sai gwamnati ta turo wani hafsan soja garin zinaren, da 'yan mahaya a bayansa, ya gano masu haƙa a inda aka hana. Aka nuno shi ya shiga shagon mai awo. Mai awo ya rufe ƙofa, ya zuba masa kofi, suka zauna suna magana ƙasa-ƙasa. Maganar ta yi tsawo, babu harbi, babu zagi.

"Mi ya ce?" in ji mutumin Agadas.

Malam ya yi gyaran murya irin nawa. Ina da wani kaki da nake yi kafin in yi magana, kowa ya san ni da shi. Ya yi shi daidai, ya ranƙwafar da kai, ya ce da muryata, "Ranka ya daɗe, ai duk na san su. Wanda yake da takarda da wanda ba shi da ita, duk ta sikelina suke bi. Sha kofinka tukuna, yanzu zan lissafa maka su."

Ɗakin ya kece da dariya. Baba har da share hawaye da gefen rigarsa. Tela ma da ba ya dariya sai da ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Ni ma na yi, me zai hana? Wani ya buga mini cinya ya ce, "Ashe shayin nan da ake ba ɗan sanda ba a banza ba."

Daga ranar, duk fitowar mai awo sai Malam ya ari muryata. In ya leƙa taga, yana ƙirga mutane ne. In ya gaisa da hafsan a hanya, ya ƙara ba da suna ɗaya. Sunana ya tashi daga Mai Sikeli ya koma Infoma. A bakin masallaci a ɗago mini hannu daga nesa a ce, "Infoma, an yi Juma'a lafiya?" Wata rana a jirgin ƙasa na ce masa, "Malam, ka ɗan rage abin nan. Ka san irin aikina."

Ya ce, "Yaya, ni fa abin da suka faɗa nake faɗa. Laifin wanda ya raba maka shi ne."

Na yarda. Haushina duk a kan siririn mai tabarau ya tsaya, da ya tashi zama munafuki sai da aka ba ni shi.

Sai wata safiya jami'ai suka shiga wani masauki a unguwarmu duba takardu, kamar yadda sukan yi in sun ga dama. Suka tafi da mutane, har da tela. Kwana ɗaya kafin nan tela ya kawo mini kan keken ɗinki in tura masa gida. A makon kuma ɗan sandan nan ya leƙo ya sha shayinsa. Babu wanda ya zo ya tsaya a gabana ya ce kai ne. Da ma an yi hakan da na ji sauƙi, don ni na iya faɗa. Abin da aka yi ya fi haka ciwo. Juma'ar da ta biyo baya aka kawo tire kamar kullum, sannan aka kawo nawa daban a ƙaramin faranti, da cokali. Matar Baba ta ajiye ba ta dube ni ba. Na ci, domin ban san yadda zan tashi ba.

Cikin makon mutane suka fara zuwa kwashe kayansu. Wannan ya ce ya canza shawara, wancan ya ce akwai abin da zai ƙara a ciki zai dawo da shi. Wasu ma aike suka yi. Mutumin da na taɓa ɓoye wa kaya wata da watanni lokacin da yake gudun fitowa, ya hango ni a gadar masu tafiya a ƙasa ya juya ya sauka ta inda ya hau. Kafin wata ya ƙare magana ta haye teku. Matata ta kira ni daga Kano, ta ce ta shiga gidan suna mata suka yi tsit. Ta ce yayanta ya tambaye ta wai da gaske ne 'yan Caina suna biyana a kan kowane mutum. Ta ce, "Alhaji, ni dai faɗa mini abin da zan ce wa yara." Na daina zuwa gidan Baba, kuma ba a aiko a ji ko lafiya ba.

Malam bai tako sitona ba. Saƙon murya yake turowa jefi-jefi, a yi haƙuri Yaya, komai zai wuce.

Zaman banza ne ya kai ni ga gaskiya. Sito ya yi fayau, sai ni da sikeli da fanka. Wata azahar haushi ya ɗebe ni na tafi wurin tsohuwar da take sayar da fayafayan fim a ƙarƙashin gada. Na kwaikwayi malafa da bindiga da hannu, na nuna zoben hannunta alamar zinare, ta gane, ta zaro mini shi daga ƙasan kwali. So nake in ga ƙarshen mutumin da ya ja mini wannan masifa. In rataye shi aka yi, in gani da idona in ji sanyi.

Akwai abin da nake yi da waya a wurin aiki. In an kawo kwali da rubutun Caina, sai in saita kyamara a kai, wayar ta juya mini shi zuwa Larabci. Larabci kam na iya, don sai da na yi nisa a littattafai kafin in shiga kasuwa. Ban taɓa tunanin yi wa fim haka ba, wa zai tsayar da fim a kowane layi alhali ga tafinta a zaune? Ranar na sa faifan a kwamfutar ofis, na nemo wurin da hafsan ya shiga shago, na riƙa tsayarwa ina ɗauka ina karantawa.

Mai awo tambayar hafsan yake yi ko ta garinsu ya biyo. Ko an yi ruwa bana a can. Ko gadar da take bakin kasuwarsu tana nan, don a kanta ya yi sallama da matarsa. Can hafsan ya ce a ba shi sunayen masu haƙa a hayin rafi. Mai awo ya ce shi bai san sunan kowa ba, ƙasa kawai ake kawo masa ya auna. Hafsan ya yi barazanar rufe shagon. Mai awo ya ce to a rufe, ya tashi ya buɗe masa ƙofa.

Na koma baya na sake. Na tsallaka zuwa sauran kashin fim ɗin na duba duk inda ya fito. Larabcin wayar a karye yake, amma ba a karyen da zai mayar da ƙin ba da suna ya zama ba da suna ba. Babu inda mutumin nan ya tona wa kowa asiri. Ni da na zo in ga an rataye shi sai na tsinci kaina ina jin kunyarsa. Daga nan zuciyata ta koma kan Malam, kuma ban taɓa jin an ci amanata irin ta ranar ba.

Na kira shi na ce mu haɗu a shagon taliyar Musulmin Caina da muke zuwa tun yana sabon zuwa. Ya zo da fara'arsa. Na bari aka kawo masa taliya, ya ɗauki tsinke, sannan na tura masa wayar gabansa. Shi ma yana ɗan taɓa Larabci. Ya karanta, ya ajiye tsinken.

Na ce, "Abin da suka faɗa kake faɗa, ko?"

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce, "Yaya, ranar hirar ce ta yi sanyi. Mutum yana ta zancen ruwan sama da gada, jama'a sun fara hamma. Sai na ɗan sa gishiri. Da na ga an ji daɗi kuma sai na ci gaba. Wallahi ban yi nufin komai ba."

"Da aka kama tela fa? Da aka kawo mini abinci a faranti kana zaune kana kallo fa?"

Ya ture kwanon gefe. Can ya ce, "Ka duba lamarina, Yaya. Mutanen nan ni suke ɗauka in raka su masana'anta. Duk abin da laoban, mai masana'antar, ya faɗa, daga bakina suke ji. In na tashi na ce na yi wata da watanni ina yi musu ƙarya a fassara, wa zai ƙara ɗaukata?"

Na ce, "To ni wa zai ƙara kawo mini kaya? Matata ta kasa shiga mutane a Kano, Malam. A katifata ka kwana."

Idonsa ya kawo ruwa, kuma na san ba na ƙarya ba ne. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce in zo ranar Juma'a, zai mayar da fim ɗin wurin, ya faɗi abin da aka faɗa a gaban kowa. Ya ce ba lallai hakan ya wanke ni duka ba, amma ai daga nan abin ya faro. Na yarda da shi. Har na kira matata na ce ta kwantar da hankalinta, Juma'a mai zuwa magana za ta ƙare.

Ranar na yi sallama a ƙofar Baba an riga an wanke hannu. Aka amsa ciki-ciki. Ɗakin ya cika, har da sababbin fuskoki da ban sani ba. Aka ɗan matsa mini a bakin ƙofa, matsawar da ta fi ƙarfin wurin zaman mutum ɗaya. Na ce, "Baba, alfarma nake nema. A mayar mana wurin da soja ya shiga shagon mai awo. Malam yana da magana."

Baba ya dubi Malam. Malam ya danna rimot, ya nemo wurin. Mai awo ya rufe ƙofa, ya zuba kofi. Kowa ya zuba wa Malam ido. Ya dubi mutanen da zai raka Pazhou a makon, ɗaya bayan ɗaya. Ni ne kawai bai duba ba.

"Mi ya ce?" in ji mutumin Agadas.

Malam bai yi kakina ba, bai ari muryata ba. Da tasa muryar, a hankali, yana kallon rimot, ya ce, "Cewa ya yi duk ya san su. Zai lissafa masa su."

Na juya wurin Baba. Na ce, "Baba, kai a Gana ka yi boko. Turanci a bakinka ya fi na kowa a nan. Don girman Allah, abin da mutumin nan ya faɗa ke nan?"

Baba ya ɗauki butar shayi ya leƙa cikinta. Ya ce, "Ɗana, ni in ana dogon magana a fim, ba ni saurare. Bari abin nan ya wuce." Daga yadda ya faɗa na gane tun ranar farko ya ji komai, kuma ya yi dariyarsa har da hawaye.

Na ce to shi ke nan, ba na bukatar kowa, akwai masu Larabci a ɗakin nan, kowa ya karanta da idonsa. Na miƙe tsaye, na zaro waya, na kunna kyamara, na ɗaga ta ina neman in saita rubutun da ke ƙasan talabijin. Sai dai tsakanina da talabijin akwai kawunan mutane.

Wani saurayi ya ja hularsa ya rufe fuska. Na kusa da shi ya kifa kansa a gwiwa. Biyu suka miƙe suka faɗa kicin, na ji suna kiciniyar buɗe ƙofar baya. Mutumin Agadas, wanda muka shekara muna sa hannu a tire ɗaya, ya ɗaga matashin kujera ya kare fuskarsa da shi. Na tsaya da waya a sama.

Malam ne ya yi magana, cikin ladabi, kamar mai rarrashin babba. Ya ce, "Yaya, don Allah sauke wayar nan. Akwai waɗanda ba su da takarda a ɗakin nan."

Na sauke ta. Na nemi takalmana a cikin tarin da ke bakin ƙofa, ban tsaya zura ƙafa ba, na riƙe su a hannu na fita. Ban kai hawa na ƙasa ba na ji an murza mukulli a bayana. A kan matakalar na zauna na sa takalman, wayar tana ta ruri a aljihuna. Matata ce take kira ta ji yadda aka ƙare.